Yaya, A-kori-kurarsa da Mai Kukuma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa ranar Alhamis da hantsi, a gidansa na Hayin Banki, bayan jinyar wata bakwai. Ni ce autar ɗakinmu, yanzu kuma ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni baki, wanda ya san ni ya san haka. Na zauna na faɗa aka rubuta, don kada a wayi gari jikokinsa ba su san shi ba sai a hoton da ke jikin bango.

Kwana ukun da aka yi ana karɓar gaisuwa, ko akuya ba ta samu wurin wucewa a layinmu ba. Direbobin a-kori-kura na tashar Kawo sun jera motocinsu tun daga bakin kwalta har ƙofar masallaci, wata ƙofarta a ɗaure da igiya, wata sai an tura take tashi. A ɗaya gefen kuma ga motocin ma'aikatan gwamnati, abokan aikin ɗansa, sai sheƙi suke yi. Matan ƙauye sun zo da ƙullin kuka da daddawa suka ajiye a gaban matarsa. Wata tsohuwa ta miƙe ƙafa a tsakar gida tana ta faɗin, “Yau wa zai tsaya mana a bakin hanya?” alhali rabon Yaya da sitiyari shekara uku ke nan. Limamin unguwa kuwa, an ce kafin ya ɗaga hannu sai da ya gaya wa jama'a shi shaida ne, tsawon limancinsa ba a taɓa yawon neman motar kai gawa maƙabarta ba. Kafin a gama suturta mamaci Yaya ya riga ya wanke bayan motarsa, ya shimfiɗa tabarma, ya tsaya a ƙofar gida, kuma ko sannu ba ya jira a ce masa.

Ina zaune cikin mata na ji wata maƙwabciya tana raɗa wa 'yar'uwarta, “Kin ga Gwaggo kuwa? Ko ɗigon hawaye.” Na ji ta sarai, ƙafata ce ta tsufa ba kunnena ba. To bari in ba ta amsa a nan. Na yi kukana a ɗakina, ba don a gani ba. Amma in gaskiya ake so, abin da ya fi yawa a ƙirjina sauƙi ne, irin na wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Shekara biyar ina kwana ina tashi da tsoro guda: kada Yaya ya koma ga Allah yana fushi da ɗansa na fari.

Ɗan nan ni na yaye shi, a ɗakina ya girma har ya tafi makarantar kwana, don haka ɗana nake ce masa. Ku yaran yanzu da ubanku ke ɗaga ku sama yana kiran sunanku, da wuya ku gane. A wajenmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. In yana da magana sai ya juyo gare ni, ko da yaron na tsugune a gabansa, ya ce, “Auta, ki gaya wa wancan kaza da kaza.” Ni kuma in juya in gaya wa wancan. Haka muka yi shekara hamsin da 'yan kai. Ni ce wayarsu tun ba a kawo waya ba.

A-kori-kura ɗaya Yaya ya riƙe duk rayuwarsa. Fara ce da can, daga baya kuwa ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Ran Talata, ranar kasuwar Kawo, sahu uku yake yi zuwa ƙauyukan bayan Katabu. Masara, barkono, itace, awaki, masu kaya kuma a zaune a saman kayansu. Gidan gaba na masu juna biyu ne, da marasa lafiya, da ni. Shekara ashirin na yi ina sarin gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, kuma ba macen da ta taɓa zama a kujerata ina wurin. Ba ya barin ƙauye bayan motarsa a wofi. Yakan ce a-kori-kurar da ta wuce mai kaya a bakin hanya alhali tana da wuri, ta ci amana. In mota ta ƙi tashi ba ya zaginta kamar sauran direbobi, sai ya shafa sitiyari ya ce, “Haba Hajiya, a gaban mutane?” Wallahi sau da yawa takan ji kunya ta tashi.

In kuma ya ga irin sababbin nan masu ƙofa huɗu da manya ke hawa zuwa ofis, bayansu a rufe tsaf, sai ya bi su da kallo ya ce, “Allah sarki, jaki da lalle.” Ko ya ce motar da ba ta san warin akuya ba ai falo ce aka sa wa taya.

Sai kiɗa. Akwai wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerarsa cike da kaset: kukuma, garaya, gurmi, kiɗan noma, har da na ƙwarya na mata. Da mun bar tasha zai saka, ya ƙure murya don na baya su ji. Kiran salla ne kawai ke sa ya kashe, sai ko in gawa ya ɗauko. Malaman unguwa sun sha yi masa nasiha a kan haka, shi kuma ya sha kai su ɗaurin aure ƙauye, rediyo a kashe, yana ta “Haka ne, Allah gafarta Malam.” Suna sauka, kafin su gama karkaɗe riga, sai ka ji garaya ta tashi.

A tasha, in lodi ya yi nauyin zuwa, direbobi kan taru a inuwar darbejiya su yi ta musu a kan wanne ne kiɗan ƙauye na gaskiya. Ina gidan gaba ina ɓarar gyaɗa ina jin su. Lokacin an fara kawo waƙoƙin fiyano, waɗanda ake haɗawa a ɗaki da na'ura, a yayyafa ɗan kalangu a kai, a ambaci gero da rafi da fura. Wannan ya ce duk waƙar da ta ambaci gona ta ƙauye ce. Wancan ya ce ina, sai in a ƙauye aka binne cibiyar mawaƙin. Yaya sai ya bari kowa ya gaji, sannan ya ce, “Ni ma'aunina ɗaya. In na saka waƙa na ji na baya sun ɗauki amshi, ta ƙauye ce. Wannan ta fiyanon ita ke waƙarta ita ke amshinta, ba ta bar wa mutum ƙofar shiga ba. Kana ji ka san mai ita ba shi da kanta a hannu.”

Wani direba ya ce, “To Baba, da tafin hannu ake jin waƙa ko da kunne?”

Yaya ya ce, “Kai da ba ka iya ribas ba, wa ya sa da kai?”

Ɗana kuwa Allah ya ɗaukaka shi a aikin gwamnati, ya gina gida a Malali, sai ga shi wata rana ya sayo irin motar nan mai ƙofa huɗu, baƙa wuluk, waƙar fiyano na tashi a ciki. Ni na san don ubansa ya saye ta ko bai faɗa ba. So yake a ce shi ma ɗan mai a-kori-kura ne. Ranar da ya kawo ta a sa albarka, Yaya ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa bayanta, ya shafa da yatsa, ya duba yatsan.

“Auta, ki tambayi wancan, me take ɗauka?”

Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, “Gwaggo, ki ce masa ni take ɗauka.”

Yaya ya juya baya da sauri don kada a ga haƙorinsa. Wannan duk ba faɗa ba ne, wasan uba da ɗa ne ta bakin gwaggo.

Faɗan ya zo ne ranar bikin 'yar ɗana ta fari. Akwai wani tsoho a ƙauyenmu, mai kukuma, abokin Yaya tun na ƙuruciya, wuƙa ɗaya ta yi musu kaciya. Shi ya yi kiɗa a auren Yaya, shi ya yi a sunan ɗana. Yaya bai shawarci kowa ba, ya tashi da sassafe ya je ya ɗauko shi, kowa da babbar rigarsa, suka nufo ɗakin taron da aka kama a Malali bayan azahar. Maigadi ya tare su a ƙofa ya ce masu kawo kaya ta baya suke bi. Aka kira ɗana. Ya fito yana gumi, ga manyan ofishinsu a ciki suna jira, ya durƙusa ya ce, “Baba, a yi haƙuri, an riga an tsara komai. Kiɗan ƙauyen ma akwai shi, mai na'ura zai saka.” Daga nan ya sa aka kai motar bayan gini, wajen masu wanke-wanke, aka miƙa wa mai kukuma shinkafa a roba. Tsohon ya ci a bayan mota, kukumarsa a cinya, daga ciki fiyano na ta waƙar gona. Yaya bai ci ba, bai shiga ba. Ana la'asar ya mayar da abokinsa gida. Ni ina ciki na ci ado, ban san wainar da ake toyawa ba sai washegari da matarsa ta gaya mini.

To ga inda al'ada ta cuce mu. Uban da dama ba ya magana da ɗansa, ta yaya za a gane ya daina? Ɗana ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk Juma'a. Ya tsuguna, Yaya ya kau da kai kamar kullum, shi kuma ya tashi ya tafi da ransa fari. Ni ce na lura. “Auta, ki gaya wa wancan” ta ɗauke ɗif. Wata ɗaya, wata biyu, har damina ta zagayo. Ko “wancan” ɗin ya daina fitowa daga bakinsa.

Na samu ɗana na ce, “Ubanka fushi yake da kai.”

Ya yi dariya. “Haba Gwaggo, ai Baba haka yake tun ina yaro.”

Na ce, “Kai shiru ɗaya ka sani, ni biyu na sani. Akwai na kunya, akwai na fushi, kuma wannan ba na kunya ba ne.”

Sai da aka ɗauki kusan shekara biyu kafin ya yarda. Da ya yarda kuma hankalinsa ya tashi, ya rame, don ya san abin da ake nufi da fushin uba. Ya aiko da kayan abinci, aka karɓa ba a ce komai ba. Da tsohuwar motar ta kwanta kwanciyar da ba ta sake tashi ba, ya ce zai sauya masa wata, Yaya ya ce wa matarsa shi ya gama tuƙi. Ɗana ya ɗauko Liman da dattawan unguwa. Yaya ya tarbe su da fara'a ya ce, “Ni? Me ya yi mini? Ba abin da ya yi mini.” Dattawa suka shafa fatiha suka fito suna cewa ai magana ta ƙare. Ni kuwa ina bayan labule, kunnena na jiran kalma ɗaya, kuma ba ta fito ba.

Ba zan ɓoye don ya mutu ba, Yaya mutum ne mai riƙo. Na sha ritsa shi in ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah ka yafe wa yaron nan.” Sai ya ce, “Auta, kin ji na ce an yi mini laifi?” Taurin kai gadon gidanmu ne, ni ma ba a bar ni a baya ba. Har wata biyu na taɓa yi ban taka gidansa ba, sai da ya aiko matarsa da goro.

Ana haka ciwo ya zo. Ƙafafu suka kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ranar zuwa asibiti ɗana zai zo ya tsaya da motarsa a ƙofar gida, Yaya ya ce a kira masa wani tsohon direba abokin aikinsa, ya shiga ƙwaraɓaɓɓiyar motarsa, ɗana ya bi su a baya shi kaɗai. Duk wanda ya ga wannan bai ji tausayi ba, ba zuciya a ƙirjinsa.

Wata Litinin da safe ina ba shi kunu, ya ture kofin ya zuba wa rufin ɗaki ido ya ce, “Ko yana raye, mai kukuma? Tun ranar nan ban iya taka ƙofar gidansa ba. Da wane ido zan kalle shi? Ni na ɗauko shi da babbar riga.”

Cokali ya faɗi daga hannuna. Ashe shekara biyar gaskiya yake gaya mana, mu ne ba mu ji ba. Ba shi aka yi wa ba, kuma a wajen Yaya ba ka yafe abin da ba naka ba. Mu muna ta lallashin wanda ya raka mai ƙara, mai ƙarar yana can ƙauye.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi Malali. Na ce wa ɗana, “Gobe ba ofis. Za ka kai ni ƙauye.”

Talata ce, damina ta yi tsakiya. Muna wuce Katabu muka bar kwalta muka faɗa taɓo. Mun sami mai kukuma a ƙofar gidansa yana shan hantsi, ido ya yi rauni, sai da na faɗi sunan ubanmu ya gane ni. Ɗana ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa ya ce, “Baba, gafara na zo nema. Ranar bikin 'yata na wulaƙanta ka.”

Tsohon ya yi ta lalube a ransa. “Wane biki? Au! Mai shinkafar nan da kaza? Kai yaro, ai har yau ina ba da labarinta. Wannan ne ya hana ubanka zuwa wajena? Ni ina nan ina ta tuhumar kaina ko ni na yi masa wani abu.” Ya dafa kan ɗana ya ce ya yafe, har sau uku. Sannan ya ce, “Ku kai ni in ga tsohon banzan nan kafin ɗayanmu ya yi wa ɗaya wayo.”

Aka buɗe masa ƙofa ya shiga, sanyin na'ura ya buge shi, ya fito da baya. “Wannan ai sai ta kashe ni. Ni ɗan baya ne.” Aka cire murfin bayan, aka ɗora shi da kukumarsa. To kafin ɗana ya juya kan mota labari ya zaga gari: ga a-kori-kura za ta Kawo, ranar kasuwa, bayanta wofi. Sai ga mata. Buhun ɗanyar masara, kwandon yalo, ɗaurin itace, kaji, awaki biyu. Ba wadda ta tambaya, ai ba a tambaya. Ɗana ya kalle ni, na kalli gabana.

“Gwaggo...”

Na ce, “Ɗan wa ake ce maka?”

Ya naɗe hannun riga ya shiga lodi.

A hanya ya saukar da gilashi ya saka waƙarsa ta fiyano ƙasa-ƙasa, don ya rage wa kansa kukan awaki. Sai wata ta buga rufin mota ta ce, “Direba, ƙara murya mana!” Ya ƙara. Jama'a, sai ga mata sun ɗauki amshi har da tafi, kowace ta haddace ta daga wayar 'ya'yanta. Can kuma na ji mai kukuma ya zaro izgar goga kukumarsa yana bin su.

Da muka iso Kawo na ce ya bi ta gida tukuna. Mata suka hau ƙorafi kasuwa za ta ci ba su, na leƙo na ce wadda take sauri ta sauka ta ɗauki buhunta a ka. Ba wadda ta sauka.

An fito da Yaya zaure a kan tabarma, kamar yadda ake yi masa kowace rana. Mota ta tsaya a gabansa, taɓo har gilashi, gefe duk ƙaya ta karce, fitsarin akuya na ɗiga ta baya. Ya daɗe yana kallonta. Sai aka sauko da abokinsa.

“Kai tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?”

Yaya ya ce, “Ina jira ka share mini hanya.”

Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Rabon da in ga hawayen Yaya tun rasuwar innarmu. Mai kukuma ya zauna a gefen tabarma ya ja izga. Murya ta tafi, amma matan da ke saman kaya suka amsa masa, na ga leɓen Yaya ma yana motsi.

Ni da bakina da ba ya ajiye magana, ana gamawa na ce, “Yaya, ka san matan nan sun yi wa fiyano amshi tun daga Katabu?”

Mai kukuma ya ce, “Wallahi sun yi, har ni na taya. Waƙar da daɗinta.”

Yaya ya harare mu mu biyu. Ɗana na tsugune a bakin zaure, kai a ƙasa, shadda ta koma kalar gona.

“Auta.”

“Na'am, Yaya.”

“Ki gaya wa wancan ba a ɗaure akuya kusa da masara. Kuma kasuwa na ci, ya kai mutane.” Ya tsaya ya ja numfashi, don lokacin magana ma aiki ce a gare shi. “Ki gaya masa na yafe masa, duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka.”

Na juya in isar da saƙo kamar yadda na saba, murya ta ƙi fita. Ba a ma buƙace ta ba. Ɗana ya kifa goshi a dokin ƙofa yana kuka, mutum mai furfura, a gaban matan ƙauye da awakinsu. Wata daga saman buhu ta ce, “Amin, amin. To direba, a tafi ko?”

Ya share fuska ya miƙe. Har ya kama ƙofar mota sai Yaya ya sake kira na.

“Auta, ki ƙara masa da cewa waccan waƙar tasa dai ba kiɗan ƙauye ba ce.”

Kwana tara bayan nan ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar wancan. Ra'ayinsa a kan waƙa da shi ya tafi, ni kuma dama ba shi na roƙa ba. Abin da na roƙa Allah ya ba ni, na ji da kunnena, a gaban shaidu.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kamar yadda ya yafe, ya yalwata masa makwanci, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da muke bakin hanya muna jiran tamu, Allah ya sa ta same mu ba ma riƙe da kowa, ba kuma mai riƙe da mu. Amin.